Daga 'Yan Dako Zuwa Jirgin Sama: Zaman Turawan Mishan a Ƙasar Hausa

A ranar 4 ga Disamba, 1893, wasu samari uku suka sauka daga jirgin ruwa a Ikko: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Babu wata babbar coci da ta tsaya musu, guzurinsu ma bai taka kara ya karya ba, amma sun ƙudura a ransu sai sun kai Kano da abin da ke bayanta. Kafin 1894 ta ƙare biyu daga cikinsu sun mutu, Gowans a Girku ta wajen Zariya, Kent a Bidda. Bingham, wanda zazzaɓi ya kayar tun a bakin teku har aka bar shi a baya ya riƙa aika musu da kaya, shi kaɗai ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓin ya sake koro shi. Sai a 1902 ƙungiyar da ya kafa, wadda daga baya aka sani da Sudan Interior Mission ko SIM, ta samu wurin zama a Patigi, ƙasar Nufe.

Duk wanda ya taɓa kai tsohuwarsa asibitin ido na Kano, ko yana da ɗan'uwan da aka yi wa aiki a asibitin Galmi, ya taɓa wani abu da ya samo tushe daga waccan tafiya. Abin da ya kawo Turawan mishan ba ɓoyayye ba ne, su ma ba su ɓoye ba: wa'azin addinin Kirista suka zo yi, magani da makaranta ƙofar shiga ce. An daɗe ana gardama a kan amfaninsu da illarsu. Hanyar da suka bi suka zo ce ba a cika dubawa ba, alhali a ganina ita ta tsara irin zaman da suka yi. Lokacin da zuwa ke cin wata biyu ko uku, mutum kan taso da niyyar tsufa a nan, ya koyi harshe, ya san sunan kowane mai unguwa. Da zuwan ya koma na kwana biyu, zaman ma ya gajarce.

Mu fara da tafiyar ƙafa. A farkon 1900 Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya taso daga Ikko da abokai huɗu, cikinsu har da wani matashin likita, Walter Miller. Wasunsu sun riga sun yi zaman koyon Hausa a Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa ke yada zango. Wata uku suka yi a hanya kafin su ga ganuwar Kano. Sarki Alu bai ɓata lokaci ba, ya ba su 'yan kwanaki su tattara su fita. Suka ja da baya zuwa Girku, can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu, bukkokinsu kuma suka ƙone. Miller bai daddara ba. A 1905 ya samu ya zauna a cikin birnin Zariya da ɗakin shan magani da 'yar makaranta, kuma a Najeriya ya ƙare rayuwarsa a 1952.

A wancan zamani shirin tafiya lissafin kawuna ne. Kowane kaya ana ɗaure shi kada ya wuce fam 60, domin abin da ɗan dako zai ɗauka ya yini da shi ke nan. Akwatin magani kai ɗaya, gadon tafiya da gidan sauro kai ɗaya, tanti, tukwane, gwangwanayen madara da sukari, littattafai, tufafin da za a saya abinci da su a inda ba a san kuɗin Bature ba. Bature ɗaya kan buƙaci mutum ashirin ko fiye. Da asuba ake tashi, a ci mil 15 ko kusan haka kafin rana ta take, a sauka a zango ko a barikin gwamnati in akwai. In damina ta sauka rafi ya kawo, sai a zauna a jira shi ya janye. Masu bin ruwa kuma, irin su Karl Kumm da abokansa uku na ƙungiyar mishan ta SUM da suka iso a 1904, sukan hau Kwara zuwa Lakwaja, su shiga Binuwai zuwa Ibi, daga nan su taka zuwa Wase. Su ma ruwan ne ke yanke musu ranar tashi, don jirgi ba ya hawa Binuwai sai kogi ya cika.

Wanda ya san inda rijiya take, wanda ya san garin da za a yi sallama da wanda za a kauce wa, wanda zai yi cinikin dawa da mai gari, duk cikin 'yan dakon nan da shugabansu da kuku da tafinta suke. Rahotannin da ake aikawa Turai ba su cika kama sunayensu ba. Amma duk ranar da suka aje kaya suka ce sai an ƙara kuɗi, ko suka sulale cikin dare don sun ji labarin yaƙi a gaba, aikin mishan ya tsaya cak.

Bayan 'yan dako, abu na biyu da ya hana 'yan mishan ƙarewa a kabari shi ne kwinin. Andrew Stirrett, mai sayar da magani daga Toronto wanda ya rabu da shagunansa ya biyo SIM a 1902, ya shahara da nacewa a kan shan kwinin kullum ba fashi. Shi ne wanda aka laƙaba wa Bature Mai Magani. Ya shafe shekaru yana bin zangunan fatake yana magani yana wa'azi da Hausa, har ya rasu a Jos a 1948.

Sai dogo ya zo. Layin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka gama gadar Jebba a 1916, tafiyar da ta ci wa Tugwell wata uku ta koma ta kwana biyu. Jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster na ɗauko mutum daga Liverpool su sauke shi Ikko cikin mako biyu. Sai dai isowa Kano daban, samun izinin zama daban. A 1903 Lugard ya yi wa Sakkwato alkawarin gwamnati ba za ta taɓa addini ba, razdanoni kuma suka riƙe wannan alkawari a matsayin dalilin hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Akwai kuma dokar nan ta yadi 440 da ke raba mazaunin Bature da na mutanen gari, wadda ta hana ɗan mishan kafa gida a tsakiyar unguwa. Saboda haka suka karkata zuwa tuddan Filato, kudancin Zariya da kwarin Gongola. Stover Kulp da Albert Helser na cocin Brethren ta Amurka sun yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkida cikin Maris 1923. Shekara ɗaya bayan haka matar Kulp, Ruth, ta rasu a can, asibitin da aka gina kuma aka sa masa sunanta. SUM ta buɗe asibitin Vom a farkon shekarun 1920. Miller kansa, a 1929 aka fitar da aikinsa daga cikin birni zuwa Wusasa.

Yinin ɗan mishan a irin waɗannan tashoshi ba shi da wani armashi. Gidan ƙasa ne da rufin ciyawa, daga baya aka samu kwano. Da sassafe addu'a tare da ma'aikata, sannan a buɗe ɗakin magani, inda layi ya riga ya miƙe: masu gyambo, masu ciwon ido, masu kurkunu, wanda maciji ya sara, yaron da ya faɗa wuta. A yawancin tashoshin SIM sai an saurari ɗan wa'azi kafin a fara ba da magani, mutane kuma suka koyi zama su ji su karɓi abin da ya kawo su su tafi. In rana ta take a shiga ɗaki. Ruwan sha sai an tafasa an tace. Da la'asar a duba gini ko lambu, ko a hau keke zuwa ƙauyen kusa. Magariba na yi a sa dogayen takalma saboda sauro, a kunna fitilar kananzir, a zauna kan aikin da ya fi cin rai: lissafin kuɗi da wasiƙu. Kowane sisi da aka turo daga wata coci a Ontario ko Ohio sai an rubuta inda ya shiga, kuma sai an aika wa masu bayarwa labari mai daɗin ji don kada hannunsu ya yi sanyi. Yawancin masu wannan aiki mata ne, da yawa marasa aure, nas-nas da malaman makaranta. Su ne ke iya shiga gidan kulle su karɓi haihuwa, inda namiji, Bature ko baƙi, ba shi da hanya.

Ga kuma karatun harshe. Sabon zuwa ba ya taɓa aiki sosai sai ya zauna gaban malami, sau da yawa malamin ma Musulmi ne, ya ci jarrabawar Hausa mataki bayan mataki. Ba don ƙauna kawai suka yi haka ba. Mutumin da zai yi shekara uku ko huɗu kafin ya ga gida, wanda Baturen da ya fi kusa da shi ke nisan tafiyar kwana biyu, ba shi da abokin hira sai wanda ke gabansa. Jami'in mulkin mallaka kan yi shekara ɗaya ko ɗaya da rabi ya tafi hutu, in ya dawo a tura shi wani lardi. Ɗan mishan kan koma garin da ya bari. Shi ya sa aka samu irin su Miller, wanda ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932.

Kuturta ce ta buɗe musu ƙofar masarautu. A shekarun 1930 gwamnati da hukumomin En'e sun rasa yadda za su yi da yawan kutare. Kuɗi ba su isa ba, likitocin gwamnati kuma 'yan kaɗan ne, ba mai sha'awar zaman daji da masu wannan cuta. 'Yan mishan suka ce su za su yi. Wajen 1937, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, SIM ta karɓi ragamar sansanonin kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda muka sani da Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. SUM ta karɓi na Molai a Maiduguri. Helser, wanda ya goge a aikin kutare a Garkida, ya koma SIM ya ja gaban shirin. En'e ta ba da fili da wani kaso na kuɗi, ƙungiyoyin agajin kutare na Ingila da Amurka suka ƙara nasu, mishan ta kawo ma'aikata.

Kowane ɓangare ya san abin da ɗayan ke nema. Sarakuna na son a kula da talakawansu ba tare da an taɓa addininsu ba, 'yan mishan na son wurin da za su yi wa'azi a ƙasar da aka hana su. Aka gindaya sharuɗɗa a kan wa'azi, musamman ga yara, aka kuma yi ta jan igiya a kan sharuɗɗan shekara da shekaru.

Mai kula da irin wannan sansani ya fi kama da hakimi fiye da likita. Ɗaruruwan mutane ne a hannunsa, da gonakinsu, da kasuwarsu, da makarantarsu, da shugabannin da ke sasanta rigimar aure da ta iyakar gona. Shi zai auna hatsin da zai kai su kaka, shi zai nemi jinka kafin ruwa ya sauko, shi zai amsa tambayar razdan. Maganin da ake da shi a lokacin allurar man wani itace ne na ƙasar Indiya, mai zafin tsiya, ana yin ta mako bayan mako tsawon shekaru, amfaninta kuma kaɗan ne. Masu yin allurar da wanke gyambo yawancinsu majinyata ne da aka koya wa aikin. Daga cikinsu aka samu disfensa na farko a garuruwa da dama.

Abin da ya fi ciwo shi ne batun jarirai. Don kada su kamu, akan raba jariri da uwarsa mai cutar a kai shi gidan reno na mishan. Ta fuskar likitancin wancan lokaci akwai hujja. Amma yaron da ya tashi a hannun nas Baturiya, ya yi makarantar mishan, sau da yawa yakan tashi Kirista, kuma iyaye da sarakuna sun lura. Wani sashe na Hausawa Kiristoci na Kano da Katsina daga nan tarihinsu ya faro. Wanda ke son ya yaba wa aikin kutare na mishan dole ya haɗa da wannan, haka shi ma mai son ya kushe dole ya faɗi wane ne kuma ya yarda ya taɓa hannun kuturu a 1937. Amincin da aka samu ta wannan hanya ne ya sa a 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano a hannun Dokta Douglas Hursh.

Hutun da suke tafiya bayan shekara huɗu sunansa kawai hutu. SIM ba ta yanka wa kowa tabbataccen albashi ba, abin da masu bayarwa suka turo shi ake rabawa. Don haka wanda ya koma gida sai ya ɗauki majigi da hotuna ya bi coci-coci, gari-gari, yana ba da labari yana neman waɗanda za su ɗauki nauyinsa zango na gaba. A nan ne nake ganin an yi mana illar da ta daɗe. Mai neman taimako ba zai nuna hoton kasuwar Kurmi ko marinar Ƙofar Mata ko zauren malami cike da littattafai ba. Dungulmin hannu zai nuna, da makaho da ɗan jagora. Dubban mutanen ƙauyukan Kanada da Amurka ba su san ƙasar Hausa ba sai ta waɗannan hotuna, kuma salon bai mutu ba, ƙungiyoyin agaji na yau sun gaje shi.

Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da teku abin tsoro. A watan Afrilu 1941 wani jirgin yaƙin Jamus ya nutsar da jirgin fasinjan Masar mai suna Zamzam a kudancin Atilantika. Ya taso daga New York da 'yan mishan da iyalansu fiye da 100 masu nufin ƙasashen Afirka daban-daban. Jamusawa sun kwashe mutanen, suka saki Amurkawa don ƙasarsu ba ta shiga yaƙin ba tukuna, 'yan Ingila da Kanada kuwa aka tsare su. Waɗanda ke nan suka maƙale ba hutu, waɗanda ke can suka kasa dawowa. A Nijar, inda SIM ta fara zama a Damagaram a 1924 sannan ta ƙara da Tsibiri kusa da Maraɗi, hukumomin Faransa na ɓangaren Vichy sun sa musu ido sosai, don masu jin Ingilishi ne a lokacin da Ingila ta zama abokiyar gaba.

Yaƙin ne kuma ya bar filayen jirgin sama da matuƙa da tsofaffin motocin soja. Kano ta zama mahaɗar jiragen sama, SIM ta kafa sashen ƙananan jiragenta, SIMAIR, a Jos. Kowace babbar tasha ta share fili ta tanadi rediyon magana, ana kira a ƙayyadadden lokaci a faɗi wanda ba shi da lafiya da maganin da ya ƙare. Firij mai aiki da kananzir ya shigo. Iyali suka fara zama tare, ko kusan tare, don an buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942 da Kent Academy a Miango bayan yaƙi. A da akan bar yara a Turai wajen dangi shekaru. Yanzu sai a sa ɗan shekara shida a jirgi ya tafi makarantar kwana, ya ga iyayensa lokacin hutu. Da yawa daga cikin yaran nan, bayan sun girma, sun fito sun faɗi irin ƙuncin da suka sha a wannan rabuwa. Ashe ba 'ya'yan kutare kaɗai aka raba da iyaye saboda aikin ba.

Jirgin da ke ceton rai shi ne kuma ya ɗauki cuta. A Janairu 1969 wata dattijuwar nas, Laura Wine, ta kwanta da wani zazzaɓi da ba a gane ba a asibitin Brethren da ke garin Lassa, a Jihar Borno ta yau. Aka ɗauko ta a jirgi zuwa asibitin SIM na Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ta kamu, ita ma ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta Ikko, aka keɓe mata wuri a jirgin fasinja zuwa New York, ta rayu. Daga jinin waɗannan mata masana a jami'ar Yale suka gano ƙwayar cutar, kuma da ɗayansu, Jordi Casals, ya kamu, da ruwan jinin Pinneo aka yi masa magani. Shekara na zagayowa cutar ta sake ɓarkewa a Jos, likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu wajen binciken gawa, ta rasu a Fabrairu 1970. Cutar ta daɗe tana kashe mutanen karkara ba wanda ya sa mata suna. Sai da ta kama waɗanda ke da jirgi da rediyo da hanyar zuwa Yale duniya ta san da ita, garin Lassa kuma ya kwashi sunan da bai roƙa ba.

A ɓangaren kuturta, ƙwayar dapson ta sauya komai tun daga ƙarshen shekarun 1940. Tunda magani ya koma ƙwayar da za a haɗiya, babu dalilin tara mutane a sansani. A shekarun 1950 Arewa ta cika da ƙananan wuraren rabon ƙwaya na mako-mako, a gindin bishiya ko a rumfar kasuwa. Aikin mai kula ya koma rangadi: Land Rover, littafin rajista, duba fatar sababbin zuwa, ƙirga ƙwaya, a kwana a wuce. Mai rabon kuwa ɗan gari ne a kan keke. Tun daga nan Bature ya fara zama baƙo mai zuwa duba aiki, aikin kansa yana hannun wasu.

Ragowar labarin a Najeriya gajere ne. Cocin ECWA, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe yawancin makarantu da asibitocin mishan, har da sansanonin kutare, samun takardar zama ya yi wuya, a 1976 kuma SIM ta miƙa wa ECWA abin da ya rage. Jirgin Aureol, na ƙarshe a jiragen fasinjan Elder Dempster, ya daina zuwa Ikko a 1974. Asibitin ido na Kano na hannun ECWA har yau, tsohon asibitin SIM na Jos kuma ya zama asibitin koyarwa na jami'ar Bingham.

A Nijar abin ya ɗauki wata hanya, don gwamnati ba ta karɓe ba. Asibitin Galmi, wanda Dokta Burt Long ya buɗe a 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, a garin da albasarsa ta yi suna har bakin teku, yana hannun SIM har yanzu, da filin saukar jirginsa. Asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi ya biyo baya a shekarun 1950, a 2012 kuma aka ƙara masa sashen gyaran mata masu yoyon fitsari.

A Maraɗin ne aka yi wani abu da ke nuna amfanin dogon zama. Tony Rinaudo, masanin noma daga Ostiraliya, ya iso a farkon shekarun 1980 aka ba shi aikin dashen itatuwa. Ya yi ta dasawa suna mutuwa, rana ta ƙone wasu, awaki su cinye wasu. A 1983, yana hanyar kai dashe ƙauye, ya tsaya rage iskar taya don motar ta iya ratsa yashi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gona. Da ya duba ganyen ya gane ba ciyawa ba ce, kututturen itacen da aka sare ne ke tohowa, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Dabarar da ta fito daga nan ba ta buƙatar dashe: manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture ya bar su, ya sassabe sauran. Manoma sun san wannan tun kaka da kakanni, abin da ya hana su shi ne dokar daji da ta mai da itace na gwamnati, da koyarwar malaman gona cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share tas. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da yunwa ta wuce da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki da abincin dabbobi da ƙarin amfanin gona, maƙwabta suka kwaikwaya. Sassabin zamani, kamar yadda ake kiransa a can, ya bazu daga manomi zuwa manomi har masu bincike suka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Rinaudo ya yi shekaru yana faɗuwa kafin ya ga abin da ke gabansa, kuma sai a ƙarshen shekarun 1990 ya bar Nijar. Mai zuwan mako biyu da bai kai ga tsayawa a wannan yashi ba.

Yau kuwa yawancin masu zuwa na mako biyun ne ko wata uku: likitan tiyata da ya ɗauki hutu daga asibitinsa a Turai, ɗaliban likitanci, injiniyan da zai haɗa wutar sola. Suna da amfani, ba shakka, wanda aka yi wa aikin da ba mai iya yi a lardinsa ba ruwansa da tsawon zaman likita. Amma da tafinta suke magana, kuma kafin su riƙe sunan ma'aikatan ɗakin tiyata lokacin komawa ya yi.

Hanyar ma ta sake tsawo ta wata fuska. A Oktoba 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar cocin EYN, magajiyar aikin Brethren, a Kwarhi, a Fabrairu 2020 kuma aka kai hari Garkida. A Oktoba 2016 'yan bindiga suka sace Jeffery Woodke, Ba'amurken da ya shafe shekaru yana aikin agaji a Abalak, suka kashe mutum biyu da ke gadinsa, ba a sako shi ba sai a Maris 2023. Shirin tafiya yanzu ya koma tambayar wace hanya ce ke biyuwa, ko sai da rakiyar soja, ko kamfanin inshora zai yarda. Wurare da yawa da ɗan mishan na 1950 ke zuwa a kan keke shi kaɗai, na yau ba zai taka ba ko da mota mai sulke. Saboda haka kulawar ta koma ta waya da kwamfuta, daga Yamai ko Abuja ko wata ƙasar. Maganin kuturta na haɗin ƙwayoyi, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke bayarwa kyauta tun 1995, ma'aikacin lafiya ɗan yankin ne ke kai shi ƙauye a kan babur, ya ɗauki hoton rajista da wayarsa ya tura wa ofis kafin dare.